Rabon Baƙo a Cikin Guzuri

A garinmu Matsinkai, da ma ƙasar Bagudo baki ɗaya, in aka ce "jirgi" kwalekwale ne yake fara zuwa wa mutum a rai. Kogin Kwara ne ya ratsa ƙasarmu, shi muka sani tun muna yara, kuma babu wanda ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ɗakinsa. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. Reshen da Turawan Ingila suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. A tsallaken iyaka kuma, dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai iso Kandi ba balle Malanbil. Mu muna tsakiya, dogo ya tsaya mana a gabas, ya tsaya mana a kudu.

Shi ya sa a bazarar 2014, da na gaya wa Inna cewa zan koma Zariya in karɓi takardata daga makaranta, daga can in hau jirgi zuwa Legas domin koyon aiki na wata shida, sai da na yi mata bayanin cewa wannan jirgin a kan ƙarfe yake tafiya. Ba a fi shekara da 'yan watanni ba da jirgin Kano zuwa Legas ya dawo aiki, a watan Disamba na 2012, bayan ya daɗe a tsaye. Nisan hanyar ya haura kilomita 1,100, ana shafe sama da awa talatin, kuma kuɗin kujerar talakawa bai kai naira dubu biyu ba. Wannan arhar ce ta ja ni, ga kuma ɗokin ɗan kogi da bai taɓa hawa dogo ba.

Inna ba ta tambaye ni saurin jirgin ko kuɗinsa ba. Tambaya uku ta yi mini: kwana nawa ake yi, ana tsayawa a yi sallah, kuma da su wa zan zauna. Na ce mata kwana ɗaya da wuni, sallah kuwa sai yadda hali ya yi, abokan zama kuma mutanen da ban sani ba. Ta kaɗa kai, ta tashi ta shiga shiri. Kwana biyu ta yi tana haɗa mini guzuri: ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, soyayyar gyaɗa, busasshen kifin kogi da ta daka masa yaji, da dabino. Duk abin da zai lalace cikin zafi ta bar shi, ko fura ba ta sa ba. Ta haɗa da buta, da sallaya, da tocila, da wani tsohon zaninta domin sanyin asuba. Da ta gama sai na ga ƙunshi uku. Biyu manya, ɗaya matsakaici da ta ɗaure da wani tsumma daban. Na ce, "Inna, ai wannan ya yi mini yawa." Ta ɗora hannu kan na ukun ta ce da irin Hausarmu ta can, "Wanga ba naka na ba, na baƙon hanya na. Ko yunwa kake ji kar ka taɓa shi."

Daga baya na fahimci inda ta samo wannan. Kakanta bafatake ne, yana cikin waɗanda suka bi ayarin goro zuwa Gwanja. Hanyar fatake daga Kano da Sakkwato tana bi ta Jega, a haye Kwara ta wajejen Illo da Gaya, a nufi Kandi da Zugu har zuwa Salaga. Tafiya ce ta watanni, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki yana kula da na baya. Abin mamaki, jirgin ƙasan da zan hau yana cikin abubuwan da suka kashe wannan hanya, domin bayan da dogo ya isa Kano a 1911, goro ya koma zuwa Legas ta teku, a loda shi a tarago zuwa arewa. Ayari ya mutu, amma tarbiyyar guzurinsa ta saura a hannun mata irin su Inna.

Ruwa ne kaɗai ba ta haɗa mini ba, saboda ba za a ɗauko shi tun daga Matsinkai ba. Shi ni na tsara da kaina a Zariya, kuma na tsara shi irin na ɗalibin kwamfuta mai ji da lissafi. Na kasa awa talatin gida-gida, na ƙiyasta abin da zan sha a kowane kaso, na ƙara ɗan abin ko-ta-kwana, na sayi jarka mai cin lita biyar na cika, na cika buta domin alwala. A cikin wannan lissafin mutum ɗaya ne tak, wato ni.

Ranar Litinin wajen azahar jirgin ya iso Zariya daga Kano. Ina fama da jaka da jarka da buhun guzuri a ƙofar tarago, sai wani saurayi tsarana, mai tsabtar kaya, da 'yar jaka a kafaɗa da waya a hannu, ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, hijira za a yi ne?" Mutane biyu ko uku suka taya shi. Ashe kujerarsa tana fuskantar tawa. Shi tsarinsa mai sauƙi ne: akwai masu talla a kowace tasha, akwai wurin sayar da abinci a cikin jirgin, kuma yana da kuɗi a aljihu. Har muka wuce Kaduna muka isa Minna da dare, tsarin nasa yana aiki. Ya sayi ƙwai da burodi da ruwan leda mai sanyi, ni kuwa ina kurɓar ruwan jarka da ya fara ɗumi.

Bayan tsakar dare, mun bar Zungeru ba mu kai Mokwa ba, jirgin ya tsaya a daji. Kan jirgin ne ya samu matsala, aka ce sai an turo wani. Gari ya waye muna nan. Hantsi ya yi, taragon ƙarfe ya fara gasa mu. Ruwan sayarwa na cikin jirgi ya ƙare tun da safe, babu mai talla, kuma kuɗin aljihu ya zama takarda. Yara suka fara kuka. Wasu maza suka sauka suka nausa daji neman ƙauye.

Tun a daren na kwance ƙunshin Inna na uku. Na ba wata mata mai goyo da ke kusa da ni, na ba wani dattijo mai zuwa Ilori, na miƙa wa saurayin nan kifi da ƙuli-ƙuli ya karɓa yana godiya. Ban ji ɗar ba ko kaɗan, domin a raina wannan ƙunshin saƙo ne aka ba ni in isar. Da ɗan matar ya yi ta kuka da safe, na tsiyaya masa ruwa a murfin kwano, amma sai da na juya baya na kare jarkar da jikina. Can wajen ƙarfe sha ɗaya, saurayin ya sunkuyo kusa da ni, leɓensa ya bushe, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, don Allah ko akwai sauran ruwa?" A lokacin akwai kusan lita uku a ƙarƙashin kujerata, na lulluɓe da zanin Inna. Na ce masa, "Wallahi ya kusa ƙarewa." Ya ce ba komai, ya koma ya jingina kai da taga ya rufe ido.

Bayan azahar wani kan jirgin ya iso. A Mokwa masu talla suka yi mana caa, kowa ya sha ya ƙoshi. Da yamma muka haye gadar Jebba, na leƙa na ga Kwara, kogin nan da ya baro ƙasarmu, yana malala a ƙarƙashinmu. Muka wuce Ilori da Oshogbo da Badun da Abekuta, muka shiga tashar Iddo ranar Laraba. Da na sauka, akwai fiye da lita guda a jarkata, ya yi ɗumi ya ɗauki warin roba. A kwata na tuttular da shi.

Fiye da shekara goma ke nan ina juya wannan al'amari. Ban kashe kowa ba, saurayin bai suma ba, wataƙila ma ya manta. Amma na yi rantsuwa a kan magana mai harshen damo don in hana mai ƙishi ruwa, kuma tambayar da ta tsaya mini ita ce: wanda ya yi shiri, me yake wuyansa game da wanda bai yi ba?

Bari in fara da hujjar da na riƙa kare kaina da ita, domin ba hujjar banza ba ce. Ni na ɗauki nauyin jarka tun daga Zariya, ni aka yi wa dariya, ni na haƙura da ruwan ɗumi lokacin da wani yake shan mai sanyi. Shi ya zaɓi sauƙi, ya ci moriyar sauƙin har tsawon wuni guda. In ya zamana duk ranar da abu ya ɓaci mai shiri ne zai biya wa marar shiri, to gobe wa zai yarda ya ɗauki kaya? Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Addini ma bai yaba wa mai fita hannu rabbana ba. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman suna zuwa aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka kuma sai su koma roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin a yi guzuri. Haka kuma sanannen labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Saboda haka sakaci aibi ne, kuma mai jingina nauyinsa ga wasu da gangan yana cin haƙƙinsu. Duk wanda ya taɓa tafiya da abokin da kullum shi ne mai manta kuɗin mota ya san zafin abin.

Na yarda da wannan duka har gobe. Inda na gano kuskurena shi ne wanda ake yi wa maganar, da lokacin da ake yi masa ita. Umarnin yin guzuri yana fuskantar matafiyi ne tun yana gida, kafin ya sa ƙafa a hanya. Gargaɗi ne da zan yi wa kaina, ko in yi wa ƙanena ranar da yake haɗa kaya. Ni kuwa na ɗauko wannan gargaɗi na mayar da shi sandar dukan mutumin da ƙishi ya riga ya kama a tsakiyar daji, a lokacin da wa'azi ba zai jiƙa masa maƙogwaro ba. A wannan sa'ar wata magana ce daban take fuskantata. A cikin Buharin dai an ambaci mutum uku da Allah ba zai dube su da rahama ba ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne mai rarar ruwa a kan hanya da ya hana matafiyi. Ba a gindaya sharaɗin cewa sai matafiyin ya kasance mai tsari ba, ko sai bai taɓa yi maka dariya ba. Malaman Malikiyya da muka tashi a hannunsu ma sun karantar da cewa in ruwan da ke hannunka ana tsoron ƙishi ga mutum ko dabba in ka yi alwala da shi, to ka bar shi domin sha ka yi taimama. In har alwala za ta ja da baya saboda ƙishin wani, ina ga jin haushina?

Abu na biyu da ya daɗe kafin ya shige ni shi ne cewa shirin da nake alfahari da shi ba nawa ba ne. Inna ce ta san abin da ba ya lalacewa a zafi, ita ma ta gada. Wani abokin karatuna da ya taɓa hawa jirgin shi ya ce mini kada in dogara da ruwan tasha. Da ban yi dace da waɗannan mutum biyu ba, da da 'yar jaka zan shiga kamar yadda saurayin ya shiga. Mai yiwuwa shi ba shi da uwar da za ta yi kwana biyu a gindin murhu dominsa, ko kuwa duk tafiye-tafiyensa na baya a mota ne, inda ake tsayawa cin abinci duk bayan 'yan awanni. Tsarinsa ma ba na wauta ba ne, da jirgin bai lalace ba da shi ne mai wayo ni ne ɗan hijira. Mukan ɗauki abin da aka ba mu kyauta mu sa masa suna "ƙoƙarina", sannan mu auna wasu da shi.

Sai dai akwai wata hujja da ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ce ainihin abin da ya riƙe mini hannu a ranar. Hadisin yana magana ne a kan rarar ruwa. To ta yaya zan san ruwana rara ne? Yanzu da nake rubutu na san jirgin ya tashi bayan azahar. A ƙarfe sha ɗaya na ranar Talatar nan ban sani ba. Zai iya kaiwa dare, zai iya kaiwa gobe. Mutum fiye da tamanin ne a taragon, in na buɗe jarka a fili lita uku ba za ta zagaya ba, kuma da wuya in ba ɗaya in hana goma. Wanda bai san ƙarshen wahala ba, komai yawan abin da ke hannunsa gani yake bai isa ba.

A nan ne sana'ata ta koya mini wani abu. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma rabin aikin tanadi ne domin ranar da abu zai lalace: in wuta ta ɗauke, in intanet ta yanke, in na'urar da ke riƙe da bayanai ta mutu. Muna ajiye kwafi, mu ajiye kwafin kwafi. Amma kowane mai wannan aiki ya san tanadi ba shi da iyaka in ba kai ka yanka masa ba. Kullum akwai wata musibar da za a iya hasashe wadda ta fi tanadin da aka yi. Shi ya sa ake zama tun kafin a fara, lokacin da hankali yake kwance, a yanke cewa ga iya abin da za mu tanada, ga abin da za a yi in kaza ya faru. Ba a barin wannan shawara sai tsakar daren da komai ya rushe, domin mutumin da tsoro ya kama ba ya iya lissafin adalci. Duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ita ce a ƙara riƙewa.

Abin da Inna ta yi ke nan da ƙunshi na uku, ita da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Ta yanke shawarar tun a tsakar gidanmu, ta cire rabon baƙo daga hannun tsorona. Ka duba ka gani, mai karatu: mutum ɗaya ne, a tarago ɗaya, da saurayi ɗaya a gabansa. Da abinci na zama mai kyauta, da ruwa na zama marowaci har da rantsuwa. Halina bai canja ba tsakanin dare da hantsi. Bambancin kawai shi ne abincin an ware wa baƙo rabonsa tun daga gida, ruwan kuwa na lissafa shi a kan cikina ni kaɗai, saboda haka duk kurɓin da zan bayar ji nake daga jinina ake cira. Da a Zariya na sayi ƙaramar gora ta biyu na ce wannan ta baƙon hanya ce, da na miƙa masa ba tare da na tsaya tuna dariyarsa ba, kuma da ta ƙare sai in ce ta ƙare ina mai gaskiya.

Wannan ya warware mini har da matsalar mutum tamanin. Ba a ɗora mini shayar da tarago duka ba, kuma ba a ce in bayar har in faɗi ba. Abin da ake nema a wurina kaso ne sananne. In kuma mutum ashirin cikin tamanin sun zo da irin wannan kaso, taragon ya tsira. An ruwaito yabon da Annabi ya yi wa Ash'arawa, mutanen Abu Musa, saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Abin lura shi ne wannan al'adarsu ce da suka saba da ita tun kafin yunwa ta zo, kowa ya san haka za a yi, shi ya sa babu mai ɓoye nasa a ƙarƙashin zani.

Doguwar tafiyar jirgin ƙasa tana fito da wannan fili fiye da kowace tafiya. A mota, in direba ya ga an gaji sai ya ratse a wani gari. A jirgin sama awa ɗaya ko biyu ne, kowa ya yi shiru har a sauka. Jirgin ƙasa kuwa ba ya ratsewa, inda dogo ya bi nan zai bi, inda ya lalace nan za a zauna, kuma mutanen da tikiti ya haɗa ka da su su ne danginka har a isa. Mu 'yan bakin kogi mun san irin wannan a kwalekwale: in an bar gaɓa, nauyin kowa ya shafi kowa. Wannan ma yana tuna mini cewa shiri yana iya wuce gona da iri. Na ga wanda ya cika hanyar wucewa da buhuna har tsoho ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Wanda ya tanadi komai domin kansa ya tare wa jama'a wuri, shi ma ya ɗora musu nauyinsa, kamar dai wanda bai tanadi komai ba.

Akwai kuma abin da ba guzurin da ke tare shi. A daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka sace fiye da sittin, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Da yawa daga cikin fasinjojin sun zaɓi jirgin ne domin gudun hatsarin hanyar mota, wato hawan jirgin shi ne shirin da suka yi. Wannan ya isa ya sa duk mai tinƙaho da tsarinsa ya sassauta murya. Matafiyi yana ɗaukar ruwa da abinci ne kawai, sauran tafiyar tana hannun mutanen da bai taɓa gani ba, masu duba dogo, da makanikai, da masu tsaro, da masu kasafin kuɗi, sannan gaba ɗaya tana hannun Allah. Dukkanmu a kan shirin wasu muke tafiya. Wanda ya san haka zai ji kunyar yi wa wani gori a kan kofin ruwa.

Yau shirin hawa jirgi ya sauya kama. Layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, tafiyar 'yan awanni ce daga Idu zuwa Rigasa, ba a bukatar ƙuli-ƙuli. Tun Janairun 2021 ana sayen tikitinsa ta intanet, kuma da aka dawo da shi a Disamban 2022 sai da lambar katin ɗan ƙasa. Ana kan shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Guzurin matafiyin yanzu ya haɗa da babbar waya, da caji, da data, da iya karanta abin da ke kan allo. Akwai dalilai masu kyau na wannan tsari, na tsaro da na hana cuwa-cuwa. Amma ma'anarsa ita ce irinmu masu rubuta manhaja mun shiga cikin masu yanke wa ake kira "mai shiri". Dattijon da ya taso daga ƙauye irin namu da kuɗinsa a ƙulle a aljihu da 'yar ƙaramar waya mai tocila, ya yi duk shirin da ya sani, amma allo zai iya ce masa bai shirya ba. Ni da kaina na taɓa rubuta wata manhajar rajista da ba ta barin mutum ya wuce sai ya sa adireshin imel, ban ga aibinta ba sai ranar da na ga wata mata ta juya ta tafi. Wannan ma lissafin jarka ne, na ƙirga masu kama da ni kawai. Tun daga nan, duk aikin da zan fara sai na tambayi abokan aikina wace ƙofa muka bar wa wanda ya zo ba irin kayanmu, kuma ina nacewa a amsa tun ranar farko, domin in wa'adi ya matso aka shiga gaggawa, wannan ƙofar ce ake fara rufewa.

Ban ce a daina yi wa masu sakaci faɗa ba. In ƙanenka zai hau doguwar hanya, ka zaunar da shi ka ce ya ɗauki ruwa fiye da abin da jadawali ya nuna, da abincin da zafi ba ya ɓatawa, da maganinsa in yana shan magani, da kuɗi a hannu, da abin caji, da mayafi, ya kuma gaya wa na gida jirgin da ya hau. In ya yi dariya ka maimaita masa. Amma ka ƙara masa abu ɗaya, ka ce ya ware wani kaso ya sa masa alama, ya ƙudurta tun a gida cewa wannan ba nasa ba ne. Ba sai mai yawa ba, gorar ruwa ɗaya da 'yar ledar dabino sun isa. Haka yake ga albashi da lokaci da hatsin rumbu. Wanda ya ce sai ya ga rara zai bayar, da wuya ya taɓa ganin rarar.

Da na dawo gida bayan wata shida, Inna ta tambaye ni ko ƙunshin ya sami masu shi. Na ce ya samu. Ta yi hamdala. Ban gaya mata labarin ruwan ba sai bayan shekaru, muna zaune da dare tana tsince shinkafa. Ta saurara har na gama, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce laifinta ne da ba ta tuna mini ruwan ma yana da rabon baƙo ba. Na san ba laifinta ba ne. Ta nuna mini ƙa'idar a kan kifi da ƙuli-ƙuli, ni ne da digirina a gaba na kasa kai ta kan ruwa.

Saurayin nan ban san sunansa ba, a Badun ya sauka, har ya ɗaga mini hannu ya ce Allah Ya kiyaye hanya. In Allah Ya sa wannan rubutu ya isa wayarsa, ina so ya sani cewa a ranar akwai ruwa a ƙarƙashin kujerata, kuma ina neman afuwarsa. Allah Ya yafe mana, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.